Yadda Ake Gano Matsala Idan Windows, Mac da Linux Suka Ƙi Musayar Fayiloli a Kan Rauta Ɗaya

A ƙananan ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu, ba sabon abu ba ne a tarar da kwamfutoci iri dabam-dabam a ɗaki ɗaya: babbar kwamfutar teburi mai Windows wadda ke riƙe da takardun aiki, da Mac ɗin mai zana kalanda da katin biki, da wata tsohuwar laftop da aka ɗora wa Ubuntu, wani nau'in Linux, don a ci gaba da morarta. Dukansu suna kan rauta ɗaya, kowacce tana shiga intanet lafiya lau, amma da zarar an nemi ɗauko fayil daga wannan zuwa waccan sai abu ya cije. Daga nan sai a koma yawo da filasha daga teburi zuwa teburi, alhali tana yaɗa cutar kwamfuta a irin waɗannan wurare, ko kuma a riƙa tura aiki ta WhatsApp, ana ƙona data a kan fayil ɗin da tafiyarsa ba ta wuce taku biyar ba.

Abin da ya fi ɓata lokaci wajen wannan gyara shi ne taɓe-taɓe ba tare da tsari ba, inda mutum zai kashe wannan ya kunna wancan har abin ya yi aiki, ko ya ƙara lalacewa, ba tare da ya san dalili ba. Musayar fayil tana da matakai da ke bin juna, tamkar baƙon da ya nufi wani gida: sai ya san hanya, ya tarar da ƙofar zaure a buɗe, ya yi sallama da harshen da mai gida ke ji, mai gidan ya shaida shi, sannan a yi masa iso. Kowane mataki yana da gwajinsa da irin saƙon kuskuren da yake bayarwa, kuma babu amfanin wahala da kalmar sirri matuƙar ba a tabbatar kwamfutocin biyu suna iya kaiwa ga juna ba. A duk misalan da ke tafe, za a ɗauka cewa kwamfutar da ke riƙe da fayiloli tana da adireshi 192.168.1.10, foldar da aka raba sunanta Ayyuka, asusun da ake shiga da shi kuma sunansa ofis.

Ka'idar da manhajojin uku ke amfani da ita wajen wannan aiki ita ce SMB, wadda Barry Feigenbaum ya fara ƙirƙira a kamfanin IBM a 1983, daga baya Microsoft ya ɗauke ta ya faɗaɗa. A Linux, manhajar Samba ce ke magana da wannan ka'ida, kuma Andrew Tridgell ne ya fara rubuta ta a Ostiraliya, ta fito a 1992. Apple yana da tasa ka'idar mai suna AFP, amma tun daga fitowar sigar manhajar Mac mai suna Mavericks a 2013 ya mayar da SMB zaɓin farko, daga Big Sur na 2020 kuma Mac ya daina raba folda ta AFP ɗungurungum. Saboda haka duk jagorar da ta ce a kunna AFP a sabon Mac ta tsufa.

Matakin farko shi ne duba adireshin IP na kowace kwamfuta. A Windows a buɗe Command Prompt a rubuta `ipconfig`, a Linux a rubuta `ip addr` a cikin Terminal, a Mac kuma ana ganinsa a System Settings ƙarƙashin bayanan Wi-Fi ko Ethernet. A mafi yawan rautocin gida da ofis, kashi uku na farkon adireshin dole su zo ɗaya, na ƙarshe ne kawai zai bambanta. Idan ɗaya tana 192.168.1.10 ɗayar kuma tana 192.168.0.23, to ba a kan hanyar sadarwa ɗaya suke ba, ko da kuwa sunan Wi-Fi ɗin ya yi kama. Wannan yakan faru ne a inda aka jona rauta ta biyu a bayan ta farko don a ƙara nisan sigina, kowacce tana raba nata adireshin, ko kuma inda wata laftop ta koma kan MiFi ko wayar wani ba tare da mai ita ya lura ba. Maganin rauta biyu shi ne a mayar da ta biyun yanayin da ake kira Access Point, ko a kashe DHCP ɗinta, wato saitin da ke raba adireshi, a jona kebul ɗin ta ɗaya daga cikin ramukan LAN. Adireshin da ya fara da 169.254 kuwa alama ce cewa kwamfutar ta nemi adireshi daga rauta ba ta samu ba, sai ta ba kanta, don haka kebul ko rautar za a bincika.

Idan adireshi sun dace, sai a gwada `ping 192.168.1.10` daga ɗaya kwamfutar. Amsa tana nufin hanya a buɗe take. Rashin amsa kuwa ba hujja ba ce tukuna, domin bangon tsaron Windows yakan yi shiru ga ping har sai an kunna raba fayil. Gwajin da ya fi inganci shi ne a ƙwanƙwasa ƙofar da SMB ke sauraro kai tsaye, wato ƙofa mai lamba 445. Daga Windows, a PowerShell, a rubuta `Test-NetConnection 192.168.1.10 -Port 445` a duba layin TcpTestSucceeded, ko True ya nuna ko False. Daga Mac ko Linux a rubuta `nc -vz 192.168.1.10 445`. A ganina wannan gwaji guda ya fi duk sauran daraja, domin yana raba matsalar gida biyu nan take: idan ƙofar ta amsa, babu ruwan rauta da kebul da bangon tsaro, sai a wuce gaba, idan ba ta amsa ba, babu abin da canja kalmar sirri zai tsinana.

Abubuwa uku ne suka fi rufe wannan ƙofa. Na farko yana cikin rautar kanta, inda ake da wani saiti mai suna AP Isolation ko Client Isolation, wanda ke barin kowace na'ura ta shiga intanet amma ya hana ta ganin 'yar'uwarta. Wi-Fi ɗin baƙi da rautoci ke bayarwa kusan kullum haka yake aiki, kuma da gangan aka tsara shi haka. Na biyu shi ne matsayin da Windows ta ba hanyar sadarwar. Windows 11 takan ɗauki kowace sabuwar hanya a matsayin Public, wato ta bainar jama'a, sai ta toshe raba fayil. A shiga Settings, sannan Network & internet, a buɗe bayanan hanyar da ake kai, a mayar da ita Private, sannan a je Advanced sharing settings a kunna Network discovery da File and printer sharing. Na uku shi ne bangon tsaro na Linux ko na manhajar riga-kafin cuta da aka saya daban. A Ubuntu, idan an kunna bangon tsaronta mai suna ufw, umarnin shi ne `sudo ufw allow samba`; a Fedora kuma `sudo firewall-cmd --permanent --add-service=samba`, a bi shi da `sudo firewall-cmd --reload`. Ya kamata kuma a tabbatar Samba ɗin yana aiki, da `systemctl status smbd` a Ubuntu da Debian, ko `systemctl status smb` a Fedora. Kashe bangon tsaro na minti ɗaya don gwaji ba laifi ba ne, amma barinsa a kashe a matsayin gyara kuskure ne babba, musamman a laftop da gobe za a kai ta Wi-Fi ɗin otal ko na jami'a. Kada kuma a taɓa buɗe ƙofa 445 daga rauta zuwa intanet.

Akwai wani ruɗani da ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ke sa mutane da yawa su ɗauka raba fayil ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau. Rashin ganin kwamfuta a jerin Network na File Explorer, ko a gefen Finder na Mac, ba ya nufin ba za a iya shiga cikinta ba. Ganin juna a jeri aiki ne dabam da musayar fayil, kuma a nan manhajojin uku ba harshe ɗaya suke yi ba. Windows ta yanzu tana shelar kanta ta WS-Discovery a ƙofa 3702, Mac yana amfani da Bonjour a ƙofa 5353, Linux kuma yakan bi tsarin Bonjour ɗin ta manhajar Avahi. Tsohon tsarin da ke haɗa jerin kwamfutoci a zamanin Windows XP ya dogara ne da SMB1, wato sigar SMB ta farko, kuma ya tafi tare da shi. HomeGroup ma an cire shi daga Windows 10 a 2018. Don haka a bar jiran jeri, a rubuta adireshin kai tsaye. A Windows a danna maɓallin Windows da R a rubuta `\\192.168.1.10\Ayyuka`. A Mac a buɗe Finder, a danna Command da K, a rubuta `smb://192.168.1.10/Ayyuka`. A Linux a danna Ctrl da L a manhajar fayiloli a rubuta irin na Mac ɗin. Idan ya buɗe, ko ya nemi kalmar sirri, to matsalar ta shela ce kawai. Wanda ke son kwamfutar Linux ta fito a jerin Windows sai ya ɗora mata ƙaramar manhajar wsdd, domin Samba ba ya yin wannan shelar da kansa. Idan kuma Windows ce ba ta fitowa, a buɗe `services.msc` a tabbatar Function Discovery Resource Publication yana aiki kuma yana tashi da kansa.

Haka ma idan adireshi yana aiki amma suna ba ya aiki, wanda Windows ke nunawa da lambar kuskure 0x80070035. A gwada ƙara `.local` a ƙarshen sunan kwamfutar, a kuma tabbatar babu kwamfutoci biyu masu suna ɗaya, abin da ke yawan faruwa idan mai gyara ya kwafi faifai ɗaya ya ɗora a kan kwamfutoci da yawa.

Mataki na gaba shi ne sigar SMB, kuma a nan ne mummunar shawara ta fi yawa a intanet. SMB2 ya zo da Windows Vista, 2.1 ya zo da Windows 7, 3.0 ya zo da Windows 8 a 2012, 3.1.1 kuma da Windows 10 a 2015. Kwamfutoci biyu sukan daidaita a kan siga mafi sabunta da dukansu suka iya, don haka ba a samun saɓani sai idan ɗaya ba ta iya komai ba sai SMB1. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta bi ta wata ɓaraka da ke cikin SMB1 ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe fiye da ɗari, har da asibitocin gwamnati a Birtaniya, tana neman kuɗin fansa. A ƙarshen shekarar Microsoft ya fara cire SMB1 daga sababbin Windows 10, Samba ma ya kashe shi daga siga 4.11 ta 2019. Duk da haka har yau za a ga ana cewa a shiga Windows Features a kunna SMB 1.0, kuma sau da yawa yakan sa kwamfutoci su bayyana a jeri, shi ya sa shawarar ta ƙi mutuwa. Ban ga hikimar buɗe irin wannan ɓaraka a kan kwamfutar da ke riƙe da takardun makaranta ko na abokan ciniki ba, don kawai a ga suna a jeri. Windows 7 ma ba ta buƙatarsa. Masu buƙatarsa na gaskiya su ne Windows XP, da tsofaffin rautoci masu ramin USB, da wasu tsofaffin injinan hoton takarda masu tura abin da suka ɗauka zuwa folda. Ga irin waɗannan, a fara neman sabunta manhajar cikin na'urar. Idan babu sabuntawa, gara a sauya yadda take isar da fayil, ta imel ko ta filasha, da a raunana duk kwamfutocin ofis saboda ita.

Ana iya ganin sigar da aka daidaita a kai. A Windows a buɗe PowerShell da ikon mai gudanarwa a rubuta `Get-SmbConnection` a duba Dialect, a Mac a rubuta `smbutil statshares -a`, a kan Linux mai raba folda kuma `sudo smbstatus`. Idan Linux ne ke neman shiga ya ba da `mount error(112)` ko `mount error(95)` alhali ƙofa 445 tana amsawa, galibi saɓanin siga ne, sai a duba ko an rubuta `vers=1.0` a umarnin, a mayar da shi `vers=3.0` ko a cire shi. A duba kuma fayil ɗin `/etc/samba/smb.conf`, ko akwai layi mai ɗauke da NT1, wato sunan SMB1 a wurin Samba, da wani ya kwafo daga tsohuwar jagora, a goge shi.

Idan an kai ga akwatin da ke neman suna da kalmar sirri, an ci rabin tafiya, sai dai nan ne kowace manhaja ke da nata tarkon. Ka'idar da ba ta canjawa ita ce, asusun da za a rubuta na kwamfutar da ke riƙe da foldar ne, ba na wadda ake zaune a gabanta ba. A Windows, lambar PIN da ake buɗe kwamfuta da ita ba ta aiki daga nesa, haka kuma asusun da ba shi da kalmar sirri an hana shi shiga ta hanyar sadarwa tun asali. Mai shiga Windows da asusun Microsoft zai rubuta imel ɗinsa da ainihin kalmar sirrin asusun, kuma ko hakan yakan ƙi idan bai taɓa buɗe kwamfutar da kalmar sirrin ba sai da PIN. Hanyar da ta fi sauƙi, kuma ta fi tsafta, ita ce a buɗe asusu na musamman a kan kwamfutar, a sa masa suna ofis da kalmar sirri mai ƙarfi, a ba shi izini a kan foldar kawai. Ta haka mai shago ba zai raba kalmar sirrin imel ɗinsa ga yaran shago ba. Idan Windows ta ƙi karɓar sunan shi kaɗai, a rubuta shi da sunan kwamfutar a gaba, kamar `TEBURI\ofis`.

A Linux, Samba yana da nasa rumbun kalmomin sirri dabam da na shiga kwamfutar. Dole asusun ya kasance a Linux ɗin, sannan a rubuta `sudo smbpasswd -a ofis` a sa masa kalmar sirri ta Samba. Mantawa da wannan layi guda shi ne sanadin yawancin saƙonnin `NT_STATUS_LOGON_FAILURE`, kuma umarnin `sudo pdbedit -L` yana nuna asusun da Samba ya sani. A Mac, kunna File Sharing a System Settings, ƙarƙashin General sannan Sharing, bai wadatar ba ga baƙi daga Windows. Sai an shiga Options, an kunna rabawa ta SMB, an sa alama a kan asusun a ƙarƙashin Windows File Sharing, an sake rubuta kalmar sirrinsa.

Tsohuwar kalmar sirri da aka adana ita ma tana hana ruwa gudu, domin kwamfutar za ta ci gaba da tura ta ba tare da ta sake tambaya ba. A Windows a goge ta daga Credential Manager, ƙarƙashin Windows Credentials, sannan a rubuta `net use * /delete` don a yanke duk haɗin da ke rataye. Wannan umarni shi ne kuma maganin kuskure mai lamba 1219, wanda ke fitowa saboda Windows ba ta yarda a shiga kwamfuta ɗaya da asusu biyu a lokaci guda. A Mac, Keychain Access ne ma'ajiyar. Kada a yi ta gwada kalmomin sirri barkatai, domin sababbin Windows 11 suna kulle asusu na minti goma bayan kuskure goma, kuma a cikin wannan lokaci ko kalmar da ke daidai ba za ta shiga ba.

Sai batun foldar da aka raba ba tare da kalmar sirri ba, wadda ta yi shekaru tana aiki, rana ɗaya bayan sabunta Windows ta daina. Tun 2017 wasu nau'o'in Windows 10 na kamfanoni da makarantu suka daina karɓar shigar baƙo, da fitowar Windows 11 siga 24H2 kuma dokar ta kai ga nau'in Pro, tare da tilasta sa hannun tsaro a kan saƙonnin SMB, abin da shigar baƙo ba ta iya yi. Akwai hanyar mayar da tsohon hali ta Group Policy, amma gyaran da ya dace yana ɗaya gefen: a buɗe asusu mai kalmar sirri a kan Samba ko na'urar ajiyar, a daina dogaro da baƙo. A Ubuntu akwai layin `map to guest = bad user` a smb.conf, wanda ke mayar da duk sunan da Samba bai sani ba baƙo, sai Windows ta ƙi haɗin ba tare da ta nemi kalmar sirri ba. Mayar da shi `never` yakan sa akwatin tambayar ya fito.

Matakin ƙarshe shi ne izini, inda aka shiga amma folda ta ƙi buɗewa, ko ta buɗe amma ta ƙi karɓar sabon fayil, da saƙon 0x80070005 a Windows ko `NT_STATUS_ACCESS_DENIED` a Linux. Izini hawa biyu ne, na rabawa da na faifan kansa, kuma wanda ya fi tsauri a cikinsu shi ne ke aiki. A Windows, a danna foldar da maɓallin dama a shiga Properties: shafin Sharing yana riƙe da hawa na farko, shafin Security yana riƙe da na biyu, kuma dole asusun ofis ya sami izinin gyara a dukansu. A Samba hawa na farko yana cikin smb.conf, kamar haka:

```
[Ayyuka]
path = /srv/ayyuka
valid users = ofis
read only = no
```

Hawa na biyu shi ne mallakar foldar a Linux, wadda `sudo chown -R ofis:ofis /srv/ayyuka` ke daidaitawa. Bayan kowane gyara a rubuta `testparm` don ya kama kuskuren rubutu, sannan a sake tayar da Samba. Ya fi kyau a ajiye foldar a `/srv` da a ajiye ta a cikin foldar gida ta wani, domin tun Ubuntu 21.04 foldar gida a rufe take ga sauran asusu, kuma Samba ba zai iya ratsa folda rufaffiya ya kai ga ta cikinta ba. Faɗar `chmod 777` da ake yawan gani tana buɗe fayiloli ga kowa ne kawai, ba ta gyara tushen matsalar. A Fedora da danginta akwai hawa na uku, wato SELinux, wanda zai hana Samba taɓa foldar ko da izini ya cika, har sai an yi mata laƙabi da `sudo semanage fcontext -a -t samba_share_t "/srv/ayyuka(/.*)?"` an bi shi da `sudo restorecon -R /srv/ayyuka`.

Idan Linux ne ke ɗaura foldar Windows da umarni, ana buƙatar kunshin cifs-utils, kuma a kula da lambar mai amfani, in ba haka ba fayilolin za su bayyana a matsayin mallakar root, wato babban asusun gudanarwa na Linux, mai kwamfutar ya kasa rubuta komai:

```
sudo mount -t cifs //192.168.1.10/Ayyuka /mnt/ayyuka -o username=ofis,uid=1000,gid=1000,iocharset=utf8
```

Zaɓin `iocharset=utf8` yana da muhimmanci ga mai sa wa fayiloli suna da Hausa, domin shi ke tabbatar da cewa ɓ da ɗ da ƙ ba su koma alamar tambaya ba, haka ma sunan da aka rubuta da ajami ko Larabci. Sunan fayil yana da wasu tarkunan. Windows ba ta karɓar alamomin `\ / : * ? " < > |` a cikin suna, alhali Linux yana karɓar yawancinsu, don haka fayil mai suna da alamar tambaya zai iya bayyana a Windows da wani baƙon gajeren suna. Linux yana ɗaukar Rahoto.docx da rahoto.docx a matsayin fayil biyu, Windows kuwa ɗaya take gani. Manhajojin Windows da yawa kuma suna tuntuɓe idan cikakken adireshin fayil ya wuce harafi 260, abin da ke faruwa idan aka yi ta cusa folda cikin folda masu dogayen sunaye. Fayilolin `.DS_Store` da masu farawa da `._` da ake gani bayan Mac ya shiga folda ba cuta ba ne, bayanan Finder ne; ƙara layin `vfs objects = catia fruit streams_xattr` a smb.conf yana kyautata zaman Mac da Samba sosai.

Akwai kuma matsalar da ke zuwa ta tafi, kuma a wurarenmu ɗauke wuta ne babban sanadinta. Duk lokacin da rauta ta mutu ta tashi, tana iya sake raba adireshi, kwamfutar da jiya take 192.168.1.10 yau ta koma 192.168.1.14, duk gajerun hanyoyin da aka ajiye su daina aiki. A shiga saitin rautar a nemi DHCP Reservation ko Address Reservation, a ɗaure adireshi ɗaya ga kwamfutar da ke riƙe da fayiloli. Idan an sa foldar a `/etc/fstab` na Linux don ta riƙa ɗauruwa da kanta idan kwamfuta ta tashi, a ƙara `_netdev,nofail,x-systemd.automount`, domin idan wuta ta dawo kwamfuta takan riga rauta tashi. A hana kwamfutar mai fayiloli yin barci a saitin wuta, a kuma sani cewa Windows ta yau da kullum, wadda ba Server ba, ba ta karɓar haɗi fiye da 20 a lokaci guda, don haka ɗakin koyon kwamfuta mai kujeru 40 yana buƙatar Samba ko Windows Server. Ɗauke wuta yana kuma barin ɓoyayyun fayilolin kulle: Word yana ajiye mai farawa da `~$`, LibreOffice kuma mai farawa da `.~lock`, sai takarda ta riƙa cewa wani yana amfani da ita alhali babu kowa. Bayan an tabbatar babu wanda ya buɗe ta, goge wannan ƙaramin fayil yana sakinta.

Idan komai yana aiki amma kwafi yana jan ƙafa, a dubi lambar saurin. Haɗin gigabit ta kebul yana kai wajen megabait 110 a daƙiƙa a kan babban fayil, haɗin megabit 100 kuwa ba ya wuce 11 zuwa 12. Saurin da ya tsaya cak a 11 yana nuna cewa wani abu a hanya ya faɗo zuwa 100, ko dai ramin rautar ne ba ya wuce haka, ko kebul ɗin ne. Gigabit yana buƙatar duk wayoyi takwas da ke cikin kebul, megabit 100 kuwa huɗu sun ishe shi, don haka waya ɗaya tak, idan ba ta matsu da kyau a kan kebul ba, tana iya rage sauri kusan ninki goma ba tare da haɗin ya yanke ba. A Windows ana ganin Link speed a bayanan Ethernet, a Linux kuma `ethtool` tare da sunan katin yana nuna shi. A kan Wi-Fi, zangon 5 GHz ya fi 2.4 sauri nesa ba kusa ba idan ana kusa da rauta, amma kwamfutar da kowa ke ɗibar fayil daga gare ta ya kamata a jona ta da kebul. Dubban ƙananan fayiloli kuma kullum sun fi babban fayil ɗaya jinkiri, don haka a dunƙule su a zip kafin kwafi. Idan kuma fayil da ya wuce gigabait 4 ne kaɗai ke ƙin shiga faifan da aka jona a rauta, faifan yana kan tsarin FAT32 ne, sai a kwashe abin da ke ciki a sake tsara shi da NTFS ko exFAT, gwargwadon wanda rautar ke karantawa.